Ƙarfe Nawa Ne a Lokacin?

A gidan hayar nan mai ɗaki tara da famfo ɗaya, babu wanda bai san cewa Mai Agogo ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa ba, domin shi da kansa yake sanar da jama'a hakan kowace safiya, yana goge baki a bakin famfo. Shagonsa na bakin titi bai fi faɗin tabarma biyu ba, amma in ka ji yana ba da labarin aikinsa sai ka rantse shi yake tura rana ta fito. Shekara talatin yana gyaran agogo, kuma a faɗarsa bai taɓa mayar wa wani da agogo yana ƙarya ba.

Yana da wata dabara da yake ji da ita. A ganinsa duk ciwon agogo daga zama yake: in ya karkace, sai ya yi gudu ko ya yi nawa. Saboda haka maganinsa guda ne, tokara. Duk abin da hannunsa ya tarar a kusa shi zai cusa a ƙarƙashi, kuma hannun nan ba ya neman shawarar kai. Matarsa ta taɓa yin wata biyu tana neman silifas ɗinta ƙafa ɗaya, sai a shagon mai magani ta gan shi, yana riƙe da agogon kan kanta.

'Yarsa Auta tana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma takarda ɗaya ta rage tsakaninta da shaidar koyarwa, ta adabi. Bara ta faɗi takardar, a makarantarsu kuwa sau biyu kawai ake zama. Littafin da za a yi jarrabawar a kansa wani tsohon labari ne na kisan kai a ƙauye. An tsinci attajirin ƙauyen a mace a falonsa, agogon bango ya tsaya cak a kan tara da kwata, sai ga wani tsamurarren tsohon mai bincike, mai yawo da laima ko babu hadari, yana bi gida-gida da tambaya ɗaya: “Ƙarfe nawa ne a lokacin?” Wata uku Auta tana cike gefen shafukan da jan biro da shuɗi, duk abin da malaminsu ya faɗa yana ciki. In ka raba ta da littafin nan, ka raba ta da jarrabawar.

Da yamma takan zauna a bencin tsakar gida tana karantawa a bayyane, ubanta yana gefe da kofin shayi yana gyara wa marubucin kurakurai.

“Likitan ne,” ya ce tun a shafi na arba'in. “Rufe littafin, Auta, na gama.”

A babi na bakwai aka kashe likitan.

“Na faɗa miki ƙanwar mamacin ce.”

“Baba, likita ka ce.”

“Gwada ki nake yi. Ai ni wannan mai laimar, da ƙauyenmu ɗaya, yaron shagona zai zama. Mutum ɗaya na kirki a duk littafin nan shi ne mai zuwa ɗaure wa attajirin agogo ran Asabar. Daga gani ka san ɗan halak ne.”

Auta ta yi murmushi kawai. Ta karanta ƙarshen tuntuni, amma duk naci da lallashin da ya yi ta ƙi faɗa masa, abin kuwa yana cin sa a rai.

Ran Laraba, saura kwana biyu jarrabawa, littafin ya ɓace. Auta ta ajiye shi a kan benci daidai lokacin da rediyon uwarta ya fara labaran ƙarfe huɗu, ta je aike bakin titi, ta dawo ana rufe shirin, huɗu da rabi daidai, ta tarar da benci wayam. Aka ɗaga katifa, aka zazzage jaka, aka leƙa bayan randa. Da Mai Agogo ya sauko daga benen Hedimasta, mai gidan hayar, inda ya je aiki, ya same ta zaune a dokin ƙofa, ido ya yi jajir.

Tausayinta ya kama shi ƙwarai, domin duk duniya babu abin da yake so kamar yarinyar nan. Amma a ƙasan tausayin wani abu ya motsa mai kama da murna. Ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar baƙar laimarsa mai karyayyen haƙarƙari guda, da littafin rasit, da gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo.

“Share hawayenki,” ya ce. “Gobe kafin faɗuwar rana littafinki yana hannunki, ɓarawon kuma yana durƙushe a gabanki.”

“Baban Auta,” in ji matarsa, “hadari ka gani?”

“Bincike zan yi. Da ke zan fara. Ina kike tsakanin huɗu da huɗu da rabi?”

“Ina kicin ina dafa abin da za ka ci.”

“Wa ya gan ki?”

“Tukunya.”

Ya rubuta *tukunya*, ya ja layi a ƙarƙashi.

“Kai fa,” ta ce, “ka tambayi hannunka?”

“Ni na ratsa tsakar gidan nan huɗu saura kwata cif.” Ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa da farce. “Kafin ma a ajiye littafin ke nan. Na hau wurin Hedimasta, na tayar masa da dogon agogonsa da ya yi wata shida a sume. Mai bincike ba ya cikin waɗanda ake zargi, ki tambayi 'yarki.”

Auta ta kau da kai.

Ya maƙala gilashin a ido, ya durƙusa gaban benci. Gilashin nan an yi shi ne don ganin abin da bai kai ƙwayar gero ba, duk abin da ya wuce tsawon yatsa hazo ne a cikinsa. Ya yi ta rarrafe har ya gano wani zagayayyen tabo, ya sanar da cewa ɓarawon ya dafa nan da wani makami mai da'ira. Matarsa ta ɗauko kofin shayinsa ta ɗora a kan tabon, ya zauna daram. Ya miƙe don ya yi mata bayanin abin da ya sa hakan bai rushe hujjarsa ba, ya manta gilashin yana ido, ya gwabza goshi da igiyar shanya, wankin gidan maƙwabcinsa Tela ya sauko masa a ka.

Washegari da sassafe ya tashi da sabuwar dabara. A babi na tara mai laimar ya ce mai laifi ba ya iya haƙura, sai ya dawo inda ya yi ɓarna. Don haka Mai Agogo ya ɗebi fulawar matarsa, kwano biyu cur, ya barbaɗe kewayen benci da ƙofar kowane ɗaki, ya koma bayan randa ya laɓe, laima a hannu.

Kaji ne suka fara zuwa. Bayansu yaran gidan suka fito ɗibar ruwa, famfo ya fantsama, fulawa ta zama ƙulli. Sai ga Hedimasta, tsohon shugaban makaranta mai gidan hayar, ya sauko daga bene da sandarsa da jaridarsa. Ya taka sau ɗaya, takalmin dama ya tsaya. Ya taka na biyu, na hagu ma ya ce ba ya zuwa. Tsoho ya tsaya da safa a tsakiyar ƙulli yana duban sama.

“Wa ya yi wannan aikin?”

“Bincike ne, ranka ya daɗe,” in ji wata murya daga bayan randa.

“To mai bincike ya fito da tsintsiya.”

Sai da ya yi awa guda yana kankare tsakar gida, matarsa tana tsaye a kansa tana lissafa abin da fulawar nan za ta zama da an bar ta. Duk da haka ya samu sawu guda mai kyau ƙwarai, ya auna shi da zare, ya zana shi a littafin rasit. Da ya lura diddigen yana da irin facin da ke nasa takalmin, sai ya rubuta cewa ɓarawon yana da wayon da har sawun mutane yake kwaikwaya.

Daga nan ya faɗa ɗakin Tela ba sallama. Tela yana sunkuye a kan tebur, ya shimfiɗa yadin wata mata, ya ɗora takardar da ya yanka samfurin hannun riga, almakashi yana tafiya. Mai Agogo ya hango rubutun ɗab'i a jikin takardar.

“Na kama,” ya ce, ya fizge ta.

Almakashi ya zarce inda ba a aike shi ba. Tela ya ɗaga yadin, hannun riga guda ya zama na jariri.

“Injiniya, lafiya kake kuwa?”

Mai Agogo ya kai takardar kusa da gilashi. Tallan takin zamani ne daga tsohuwar jarida. Ya ninke ta ya sa a aljihu kamar dama ita ya zo nema.

“Jiya ka ga littafin Auta?”

“Na gani mana. Na fito ɗibar gawayin dutsen guga, yana kan benci. Malama Nas ma tana shigowa, muka gaisa.”

“Ƙarfe nawa ne a lokacin?”

Tela ya kai hannu aljihu zai ciro waya.

“Ban da waya. Waya ba ta da lilo, ba ta da zuciya, wani ne daga nesa yake faɗa mata abin da za ta ce. Ga agogo a bangonka, ni na gyara shi da hannuna. Me ya nuna?”

Tela ya dubi agogon, wanda kwalin ashana biyu suka tokare, ya dubi maƙwabcinsa, ya sosa ƙeya.

“Shi dai agogon, biyar saura kwata ya nuna.”

Mai Agogo ya rubuta, daɗi ya cika shi. Littafin da ya ɓace kafin huɗu da rabi, ga mutum ya gan shi biyar saura kwata.

Malama Nas tana goge farin takalminta da fulawa ta ɓata lokacin da ya iso ƙofarta. Mace ce da ta yi shekara ashirin tana yi wa ƙarti allura, ba a cika ja da ita ba.

“Na gan shi a kan benci ina shigowa daga aiki,” ta ce. “Tela ma yana wurin.”

“Ƙarfe nawa ne a lokacin? A agogon tebur ɗinki nake nufi.”

Ta ajiye takalmin, ta dube shi.

“Da na shiga ɗaki, uku da rabi ya nuna.”

“Uku da rabi.” Ya lumshe idon da ba gilashi. “Malama, zan so in duba jakarki.”

“Buɗe bakinka, Baban Auta.”

“Me ya—”

Ta zura masa ma'aunin zafin jiki a ƙarƙashin harshe, ta kama tsintsiyar hannunsa, ta ce kada ya motsa. Minti uku mai bincike yana tsaye a ƙofar mutane da tsinke a baki da laima a hammata, yara suna kallo. Ta zare, ta duba.

“Babu zazzaɓi,” ta ce. “To abin daga kai yake. Wannan ba ɓangarena ba ne.”

Ya tafi yana murmushi. A littafin ma haka masu laifi suke yi wa mai laimar rashin kunya.

Da azahar ya leƙa ɗaki ya ga Auta ta baza farar takarda tana ƙoƙarin tuno abin da ta rubuta a gefen shafuka. Layi huɗu ta samu. Abincinta yana gefe ba ta taɓa ba.

“Baba, don Allah ka bar mutane su huta. Zan shiga da abin da ke kaina.”

“Ƙarfe biyar, a falon Hedimasta,” ya ce. “Ki zo da jakar da za ki sa littafin.”

Ya bi ɗaki-ɗaki ya sanar. A babin kusa da ƙarshe mai laimar ya tara mutanen ƙauye a falo guda, shi ma ba zai yi ƙasa da haka ba. Ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya shafa mai a takalmi, ya tsaya a gindin bene yana kallon agogon hannunsa har dogon hannu ya hau kan sha biyu, sannan ya hau.

Falon ya cika maƙil. Ban da waɗanda aka kira, matan gidan sun zo, yara sun liƙe a taga, har mai rake na ƙofar gida ya bar rakensa. Kofunan shayin da aka raba duk sun huce, wasu ma an shanye.

“Biyar cif,” in ji Mai Agogo, ya nuna dogon agogon da ke kusurwa, mai tsayin mutum, lilonsa yana kai da kawowa. “Ku duba. Ni da shi baki ɗaya.”

Jama'a suka dubi juna.

Ya fara zagaya falon, hannu ɗaya a baya, yana dogara laima. Ya yi bayanin tabon benci. Ya yi bayanin sawun da ke kwaikwayon sawu. Ya tsaya a gaban matarsa ya ce shaidar tukunya ba ta da ƙarfi, amma ya yafe mata saboda zaman tare. Ya tsaya a gaban Hedimasta ya ce mutumin da ya yi shekara arba'in yana ƙwace littattafai a hannun ɗalibai, hannunsa zai iya sabawa.

“Ka tuna a gidan wa kake,” in ji tsohon.

“Shi ya sa na wanke ka, ranka ya daɗe.”

Sannan ya juya a kan diddige, ya nuna Tela da bakin laima.

“Wannan bawan Allah ya ce ya ga littafin biyar saura kwata. Littafin kuwa ya bar benci kafin huɗu da rabi. To a ina ya gan shi? A ɗakinsa.” Laima ta koma kan Nas. “Wannan baiwar Allah ta ce ta gan shi uku da rabi, alhali sai huɗu aka ajiye shi. A ina ta gan shi? A ɗakin 'yata, tana leƙe. Kuma kowannensu ya ce ya gaisa da ɗan'uwansa a lokacin. Jama'a, wace irin gaisuwa ce ake farawa uku da rabi a gama biyar saura kwata? Ita ta yi leƙen, shi ya yi ɗaukar. Ku fito da shi, ba zan kai maganar gaba ba.”

Matar Tela ta dafe ƙirji ta dubi mijinta.

“Gaisuwar awa ɗaya da kwata?”

“Wallahi sannu da aiki kawai na ce mata,” in ji Tela, gumi ya karyo masa.

Malama Nas ta miƙe a hankali, ta gyara ɗankwalinta.

“Shekara ashirin ina riƙe da makullin ɗakin magani, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Yau ni ce ɓarauniyar littafi. Tela, je ka ɗauko agogonka. Ni ma ina zuwa.”

“Malama, a rufa asiri,” in ji Tela.

“Ya ƙare.”

Suka dawo kowa rungume da nasa, suka jera a kan teburin Hedimasta. Na Tela yana cewa shida da minti ashirin da biyar. Na Nas yana cewa biyar da minti goma. Dogon na kusurwa yana cewa biyar da minti ashirin. Wata mata ta ruga ta kawo nata ba a tambaye ta ba, shi kuma yana can wajen ƙarfe biyu yana harkar gabansa.

“Wani ya taɓa su,” in ji Mai Agogo.

“Kai ka taɓa su,” in ji Nas. “Kowa ya ciro wayarsa.”

Wayoyi goma sha ɗaya suka fito, duk bakinsu ɗaya: shida saura kwata.

“Nawa yana gaba da minti arba'in,” in ji Tela, kansa a ƙasa. “Shekara shida ke nan. Na saba, ina dubawa sai in cire a kaina.”

“Nawa yana baya da talatin da biyar.”

“Namu sai an kwantar da shi a kan fuska yake tafiya,” in ji wani daga baya.

“Ni nawa ina son ƙararsa ne kawai,” in ji mai rake.

Falon ya fara motsi da dariyar da ake dannewa. Mai Agogo ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

“Shekara shida, Tela? Me ya hana ka faɗa?”

“To Injiniya, kullum ka shigo sai ka tsaya ka kalle shi kana jin daɗi. Ina zan fara?”

Auta ce ta yi magana, a hankali, tana ƙirga da yatsu kamar yadda take yi in tana bitar babi.

“In an cire arba'in daga na Kawu Tela, huɗu da minti biyar ke nan. In an ƙara talatin da biyar a na Anti Nas, huɗu da minti biyar. Gaskiya suka faɗa, lokacin littafin yana nan.” Ta ɗago. “Baba, da agogon hannunka ka saita na Hedimasta jiya?”

“Da me zan saita in ba shi ba?”

“To naka yana baya da ashirin da biyar. Huɗu saura kwatan da ka ratsa tsakar gida, huɗu da minti goma ne.”

“Wato bayan mu,” in ji Nas.

“Wato shi ne na ƙarshe,” in ji matar Tela, wadda ta samu sauƙi ƙwarai.

“Wannan lissafin yara ne,” in ji Mai Agogo. Ya ja da baya taki ɗaya, ya ja na biyu. “Ni da nake da shaida. Ina nan falon, a gaban wannan agogon, ina—”

Ya buga laimar a ƙasa don ƙarfafa magana. Laimar nan ta yi shekara ba ta buɗu ba ko an roƙe ta, sai yau ta ga dama. Ta baje fuf, karyayyen haƙarƙarin ya maƙale hularsa, gefenta ya tunkuɗe dogon agogon. Agogo ya yi gaba kamar zai gaida jama'a, ya buga ƙararrawa sau ɗaya a kan hanya. Tela da mai rake suka yi tsalle suka tare shi. Da suka ɗaga shi, ƙafarsa ta baya ta hagu ta bar abin da ta danne, wani abu mai shuɗin bango, ya lotsa a tsakiya.

Auta ta durƙusa ta jawo shi. Ta buɗe, ga jan biro, ga shuɗi, babu shafin da ya ɓata. Ta rungume shi a ƙirji ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Sai a lokacin abin ya dawo wa Mai Agogo tar. Ya ga kansa jiya yana ratsa tsakar gida, ya ga littafin shi kaɗai a kan benci, ya ji zuciyarsa tana cewa leƙa shafin ƙarshe, ba wanda zai sani. Ya sa shi a hammata ya hau bene. Agogo ya karkace, hannu ya nemi abin tokara.

“Na ce ka tambayi hannunka,” in ji matarsa.

Dariyar da ta tashi har masu wucewa a titi sai da suka tsaya. Yaran taga suka faɗo kan juna. Hedimasta ya yi ta bubbuga sanda a ƙasa yana share hawaye, da ya samu numfashi sai ya miƙa wa Auta hannu.

“Ba ni nan, 'yata. Mutum ya sha wannan wahala, ai a faɗa masa wanda ya yi kisan.” Ya gyara tabarau, ya buɗe shafin ƙarshe, ya karanta a zuci, kafaɗunsa suka fara rawa. “Wane ne mai zuwa ran Asabar?”

“Mai ɗaure agogo,” in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. “Shi ya mayar da hannun agogon baya. Shi ya sa na ƙi faɗa maka, Baba.”

Mai Agogo ya yi ƙoƙarin rufe laimar, ta ƙi. Haka ya sauka daga benen da ita a buɗe, tana gogar bango hagu da dama, jama'a suna biye da shi suna tambayarsa ƙarfe nawa ne a lokacin.

Washegari bai fito bakin famfo ba. Ya ji Auta tana shiri, ya ji uwarta tana yi mata addu'a, ya ji Nas ta leƙo ta ba ta biro biyu, Tela ya ce ya tsayar mata da mai babur. Shi yana zaune a bakin gado, kunya ta hana shi ɗaga labule. Sai labulen ya ɗagu da kansa.

“Baba, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Tambaya huɗu ce a awa uku, dole in riƙa duba lokaci. Ara mini agogonka.”

Ya dube ta ya ga ko tsokana ce. Ba tsokana ba ce, hannu ta miƙo.

“Na Nas na hannu sabo ne,” ya ce. “Ban taɓa buɗe shi ba. Ki karɓi nata.”

“Naka nake so.”

Ya kwance shi a hankali. Shekara talatin bai rabu da tsintsiyar hannunsa ba, wurin har ya yi fari. Ya ɗaura mata, ya matsa maɗaurin zuwa ramin ƙarshe don hannunta siriri ne. Yatsunsa suka je kan ɗan maɓallin saiti, suka tsaya, suka janye.

“Kada in taɓa,” ya ce. “Ki ji da kyau. Yana baya da minti ashirin da biyar. In ya ce miki saura rabin awa, to saura minti biyar, ki ajiye biro.”

“Na ji, Baba.”

“Maimaita.”

“Ashirin da biyar, baya.”

Ta fita da littafin a hammata. Ya bi ta har ƙofar gida ba hula, ya tsaya yana kallon babur har ya sha kwana. Tela yana gefe da buroshi a baki.

“Injiniya, da ka saita mata shi da waya ai.”

“In na buɗe shi yanzu, sai Allah,” in ji Mai Agogo. “Wannan ƙaryar dai mun san girmanta.”

Ya dubi farin wurin da ke hannunsa, ya yi gyaran murya.

“Tela, ƙarfe nawa ne a wayarka?”